ƘASHIN MACE BAYAN ƊAUKEWAR AL'ADA: ME ZA TA CI, ME ZA TA KIYAYE?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi ƙashi, musamman ƙashin macen da jinin al'ada ya ɗauke mata, da irin abincin da yake riƙe shi. Muna roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta wa mahaifiyarsa ko kakarsa, domin da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba sa karatun boko.

Lokacin da nake aiki a ɗakin kwanciyar mata, an taɓa kawo mana wata dattijuwa da ta haura shekara 60. Ta fito alwalar asuba da damina, santsi ya kwashe ta a bakin makewayi, ta faɗi a gefenta na dama. Shi ke nan ba ta ƙara tashi da ƙafarta ba. 'Ya'yanta suka ɗauka targaɗe ne, aka yi ta gashi da shafe-shafe, aka kira mai ɗori, sai da aka kwashe mako uku kafin a zo asibiti. Hoto ya nuna wuyan ƙashin cinya ya karye, daidai inda yake shiga kwatangwalo. Ina gyara mata shimfiɗa ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ni da na haifi goma, na yi daka na yi surfe ban taɓa karaya ba, yanzu ɗan zamewa ne zai kwantar da ni?" Na ce, "Inna, zamewar ta tarar da ƙashin ya riga ya yi rauni ne." Wannan rauni shi ne abin da za mu yi bayani a kai.

Ƙashi rumbu ne

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen itace, wanda in ya gama girma ya gama. Alhali ƙashi abu ne mai rai, jini yana ratsa shi, kuma kullum aiki ake yi a cikinsa. Akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, akwai masu bin bayansu suna gina sabo. Babban kayan ginin shi ne wani sinadari da ake kira kalsiyam. Babban mutum yana ɗauke da kimanin kilo ɗaya na wannan sinadari, kuma kashi 99 cikin 100 yana cikin ƙasusuwa da haƙora.

Ragowar kashi ɗayan yana yawo a jini, kuma duk ƙanƙantarsa rayuwa ta dogara da shi. Da shi zuciya take bugawa daidai, da shi tsoka take motsi, da shi jini yake daskarewa idan an ji rauni. Saboda haka jiki ba ya yarda kalsiyam ɗin jini ya yi ƙasa. In abinci bai kawo isasshe ba, sai jiki ya shiga rumbu, wato ƙashi, ya ɗebo. Yau a ɗiba, gobe a ɗiba, ba a mayarwa, kowa ya san ƙarshen irin wannan rumbu.

A nan ne wasu suke ruɗewa. Mace za ta zo da sakamakon gwajin jini ta ce, "Sista, an auna kalsiyam ɗina an ce daidai yake." Gwajin jini ba ya faɗin halin da ƙashi yake ciki. Jinin zai iya nuna daidai alhali daga ƙashin ake ta cike shi.

Tun daga yarinta har zuwa wajen shekara 30 gini ya fi rushewa yawa, a lokacin ne ake cika rumbun. Daga nan sai abin ya tsaya na wasu shekaru, sannan ya fara raguwa a hankali, ga maza da mata baki ɗaya.

Abin da ɗaukewar al'ada take yi

Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55. Ana cewa ta ɗauke ne idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba ciki ba shayarwa. A wannan lokaci gidan ƙwan mace yana daina samar da wani sinadari mai suna istirojin. Shi wannan sinadari, ban da aikinsa a mahaifa, shi ne yake taka wa masu rushe ƙashi birki. Da ya ja baya sai rushewa ta fi ƙarfin gini. A shekarun farko mace tana iya rasa kusan kashi 2 cikin 100 na ƙashinta a kowace shekara, kafin daga baya saurin ya ragu. Hanji ma yana rage tsotsar kalsiyam daga abinci, ƙoda kuma tana ƙara zubar da shi a fitsari.

Idan abin ya yi nisa sai cikin ƙashi ya zama rami-rami, kamar azarar da gara ta cinye ta ciki, waje lafiya lau. Wannan shi ne zaizayar ƙashi, wanda likitoci suke kira ostiyoforosis. Gidauniyar duniya mai kula da wannan ciwo ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku, da namiji ɗaya cikin biyar, daga waɗanda suka haura shekara 50, za su gamu da karaya saboda shi. Ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara ita aka keɓe don wayar da kai a kansa.

Da can an ɗauka ciwon Turawa ne. Gaskiya ne cewa a Amurka ƙashin baƙaƙen mata ya fi na farare nauyi, kuma karaya ta fi yawa ga fararen. Amma binciken da aka buga daga Afirka ta Kudu a 2020 ya nuna karayar kwatangwalo tsakanin baƙar fata ta zarce abin da aka daɗe ana zato nesa ba kusa ba. Mu da muke ɗakunan kwanciya ba mu yi mamaki ba.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya sallama. Ba zafi, ba kumburi, sai ranar da aka karye. Wurare uku ya fi kamawa: wuyan hannu, ƙashin baya, da kwatangwalo. Na wuyan hannu shi yakan fara zuwa, mace ta faɗi ta dafa ƙasa. Na baya kuwa sau da yawa ba a ma san an yi ba, gaɓoɓin ne suke lotsawa ɗaya bayan ɗaya, sai a ga tsohuwa tana gajarta tana ranƙwafawa, a ce tsufa ne. Macen da tsayinta ya ragu da santimita 4 ko fiye daga yadda take a ƙuruciya ya kamata a duba bayanta. Na kwatangwalo shi ne mafi haɗari. A cikin mutum biyar da suka yi irin wannan karaya, akan rasa aƙalla ɗaya kafin shekara ta zagayo, yawanci saboda abin da doguwar kwanciya take jawowa: ciwon huhu, gudan jini a jijiya, gyambon kwanciya. Da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya kamar da.

Bari in raba wani abu da ake haɗawa. Ciwon gwiwa da yake damun iyayenmu, wanda ake cewa sanyin ƙashi, yawancinsa guringuntsin gaɓa ne ya cinye. Wannan ciwo ne daban, kuma shan kalsiyam ba ya warkar da shi. Mace za ta iya samun duka biyun, za ta iya samun ɗaya kawai.

Nawa ake buƙata?

Da miligiram ake auna kalsiyam. Masana a Amurka sun tsayar da miligiram 1,000 a rana ga mace 'yar shekara 19 zuwa 50, da 1,200 ga wadda ta haura 50. Hukumar Lafiya ta Duniya da takwararta ta abinci, a rahotonsu na 2004, sun ce 1,300 ga wadda al'ada ta ɗauke wa. Ingila kuwa 700 ta tsayar ga manya. Kun ga ko masana ba su haɗu a kan lamba ɗaya ba.

Ni a ganina wannan saɓani bai kamata ya ɗauke mana hankali ba, domin matsalarmu tana can ƙasa da duk waɗannan lambobi. Wani nazari na ƙasashen duniya da aka buga a 2017 ya nuna yawancin ƙasashen Afirka da aka samu bayanansu suna tsakanin miligiram 400 da 700 ne a rana. A ƙauyukan Gambiya an auna mata suna samun 300 zuwa 400. A nan gida, binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999, kan yara masu gwamewar ƙafa, ya gano abin da suke samu bai wuce wajen 200 ba a rana, kuma kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai gyara musu ƙashi. Abin da yaro yake ci daga tukunyar uwarsa yake fitowa.

Dalilin a bayyane yake. Tuwon masara, tuwon dawa, shinkafa, taliya, burodi, doya, duk suna cika ciki suna ba da ƙarfi, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Nama ma haka, duk daɗinsa. Ƙwai ɗaya bai wuce miligiram 25 zuwa 30 ba. To macen da ta sha koko da safe, ta ci shinkafa da mai da yaji da rana, ta ci tuwo da miyar da ruwa ya fi yawa da dare, ta ƙoshi, amma ƙashinta bai ci komai ba.

Abincin da ke da shi

Nono shi ne kan gaba. Babban kofi ɗaya na madarar shanu ko kindirmo, wato kwatan lita, yana da wajen miligiram 300, kuma jiki yana tsotsar kusan kashi ɗaya cikin uku, wanda ba kowane abinci ne yake kai haka ba. Cire mai daga nono ba ya cire kalsiyam, don haka tsala ma tana da shi. Man shanun ne ba shi da wani abin kirki. Abin lura shi ne ruwa. Nonon da aka tsinka da ruwa aka kaɗa da garin ƙwame don ya yi kauri, kofi biyunsa ba lallai ya kai kofi ɗaya na kindirmo ba. Ki san mai nononki. Sannan a tabbatar an dafa madarar kafin a kwantar da ita, saboda ɗanyen nono yana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ke kama gaɓoɓi. Wasu mata madara tana sa su kumburin ciki da gudawa. Irin waɗannan su gwada kindirmo ko yogot kaɗan-kaɗan tare da abinci, domin tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin da yake damun su. Cuku ma yana da kyau.

Madarar gari ta gaskiya, cokalin cin abinci uku a cike, tana ba da kusan 250. Na ce ta gaskiya domin akwai farin garin da ake sayarwa don shayi wanda mai ne da sitaci da sukari kawai. A sa yaro ya karanta jikin gwangwani ko leda, a ga ko an rubuta yawan kalsiyam. Wadda ake aunawa a buɗe a kasuwa ba ta da wannan shaida.

Na san abin da mai karatu za ta ce, madara ta yi tsada. Haka ne. Amma Allah Ya hore mana wani abu a bayan gida wanda ƙasashe da yawa ba su da shi, wato kuka. Busasshen ganyen kuka yana daga cikin ganyaye mafi yawan kalsiyam da aka auna, giram 100 yana kai miligiram 1,500 har fiye. Ba wanda yake cin giram 100 a zama ɗaya, amma cokali ɗaya a cike a rabon mutum ɗaya zai ba da wajen 100 zuwa 150. Miyar kuka da wasu matan birni suke rainawa, suna cewa miyar ƙauye ce, ta fi miyar dage-dage amfani ga ƙashi ba kusa ba. Sai dai a kaɗa ta da kauri. Zogale yana biye da ita, ko a kwaɗo, ko a dambu, ko garin busasshensa a barbaɗa a miya. A shanya shi a inuwa. Lalo, karkashi, rama, kuɓewa ɗanya da busasshiya, duk suna ƙara nasu. Daddawar kalwa ma tana da shi, ga shi tana rage buƙatar dunƙule.

Alayyafo yana da kalsiyam da yawa, amma yana da wani sinadari da yake ɗaure shi ya hana hanji tsotsa, don haka kaɗan ne yake shiga jiki. A ci shi don sauran amfaninsa, kada dai a dogara da shi. Riɗi ma kusan haka ne, kalsiyam ɗinsa a ɓawo yake, kuma ba duka jiki yake samu ba. Wake da hatsi suna da nasu sinadarin mai ɗaurewa, amma jiƙawa da tsimawa, irin yadda ake yi wa gasara, suna rage shi.

Akwai hatsi ɗaya da ya fita daban, wato tamba. Giram 100 na tamba yana da wajen miligiram 350, ya ninka na masara da shinkafa sau goma ko fiye. Ana noma ta a Filato da kudancin Kaduna, kuma ana samun ta wajen masu hatsi a manyan kasuwanni. Kunun tamba da ɗan nono karin kumallo ne mai kyau ga tsohuwa, ko wadda haƙoranta suka zube za ta iya sha.

Sai kifi. Amfanin yana cikin ƙaya, saboda haka ƙananan busassun kifi da ake ci gaba ɗaya su ake nufi. A wanke, a busar, a daka har da kai da ƙaya ya yi laushi, a riƙa zuba cokali ɗaya ko biyu a miya. Busasshen jatan lande ma haka. Kifin gwangwani, wato sadin, ƙayarsa ta dahu ta yi taushi, gwangwani ɗaya yana ba da wajen 300 in an cinye da ƙayar. Sau nawa na ga ana zare ta ana zubarwa.

Awara tana da amfani ga jiki, amma yawan kalsiyam ɗinta ya dogara da abin da aka haɗa ta da shi. Wadda aka yi da ruwan tsami ba ta kai wadda aka yi da gishirin kalsiyam ba.

Ga misalin yini ɗaya. Da safe kunu ko koko da madarar gari cokali uku, 250. Da rana kwaɗon zogale ko dambu cike da kwano, wajen 200. Da la'asar fura da kindirmo kofi ɗaya, 300. Da dare tuwo da miyar kuka mai kauri da dakakken kifi, wajen 250. Sauran abinci, wake da hatsi da makamantansu, za su ƙara 100 zuwa 200. An haura 1,000 ke nan ba a sayi ƙwaya ko ɗaya ba. Ba kullum za a samu duka ba. Ko biyu daga ciki aka riƙe kowace rana an yi nisa da inda ake. Kuma rarrabawar ta fi, domin hanji ba ya iya tsotsar da yawa a lokaci guda. Da azumi a raba tsakanin buɗa-baki da sahur.

Akwai wata al'ada da nake so 'ya'ya su lura da ita. In an kawo wa tsohuwa nono ko kifi, sai ta kira jikoki ta rarraba musu, ita ta lashi cokali. Kara ce da ƙauna, ba mai hana ta. Amma wanda ya saya ya zauna har ta sha nata a gabansa.

Abubuwa uku da ake zaton suna ƙara ƙashi: romon ƙashi da ɓargo, kanwa, da farar ƙasa. Romon ƙashi da ƙafar sa akwai daɗi, sai dai kalsiyam ɗin da yake narkewa ya shiga ruwan kaɗan ne, ɓargo kuwa kitse ne. Kanwa dangin gishiri ce, mai hawan jini ma ta rage ta. Farar ƙasa tana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, kuma an sha samun dalma a irin wadda ake sayarwa.

Rana da motsi

Kalsiyam ba ya ratsa hanji ya shiga jini sosai sai da bitamin D, shi kuwa fata ce take yin yawancinsa idan rana ta taɓa ta. Za a ce ai rana ba ta yi mana kaɗan ba. Amma a duba Hajiyar da take fita daga ɗaki ta shiga mota, ko tsohuwar da ciwon ƙafa ya zaunar a ɗaka wata da watanni. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara, fatar tsoho kuma ba ta yin sa kamar ta yaro. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yin wannan aiki. Ba sai an saɓa wa sutura ba: a tsakar gida, inda ba baƙo, mace ta zauna hannuwa da ƙwauri a buɗe na minti 15 zuwa 30 idan hantsi ya ɗaga, sau da yawa a mako. Gwaiduwar ƙwai, hanta da kifi mai mai suna ƙara kaɗan. Ƙarancin bitamin D mai tsanani yana sa ƙashi ya yi laushi, da ciwon ƙugu da cinyoyi, mace ta kasa tashi daga tabarma sai ta dafa. Wannan yana da magani mai sauƙi in an gano shi.

Ƙashi yana ƙarfi ne idan ana ɗora masa nauyi. Tafiya a ƙasa ta rabin awa, kwana biyar a mako, ta isa farawa. Shara, ɗan daka, hawa matakala, tashi daga kujera a zauna sau goma ba tare da dafawa ba, duk motsa jiki ne. Mun saba da zarar mace ta yi surukai sai a ce, "Hajiya ki huta," a karɓe mata komai. Niyyar mai kyau ce, amma zama wuri ɗaya yana cinye tsoka da ƙashi tare. Wadda aka riga aka tabbatar ƙashin bayanta ya zaizaye ita ce za ta guji ɗaukar kaya masu nauyi, da sunkuyawa ta ɗaga bokiti cike da ruwa.

Masu satar ƙashi

Gishiri da dunƙule in sun yi yawa suna fitar da kalsiyam ta fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙule. Goro, shayi mai kauri da kofi suna da ɗan tasiri, ba mai yawa ba in ana samun kalsiyam isasshe. Damuwar ita ce tsohuwar da goro ya zame mata abinci. Taba kowace iri da giya suna raunana ƙashi. Rama sosai ma haɗari ce.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne magungunan da ake kira sitiroyid, irin su dezametazon da firedinisolon. Likita yana ba da su don asma da wasu cututtuka, da lissafi. Amma ana sayen su barkatai don ciwon gaɓoɓi, ana zuba su cikin haɗin ƙwayoyin da masu kemis suke ƙullawa a leda, suna kuma cikin maganin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe da wasu mayukan bilicin. Shan su na wata uku ko fiye yana zaizaye ƙashi da sauri, ga hawan jini da ciwon sukari. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, yin haka yana da nasa haɗarin. Ta kawo su asibiti a rage mata a hankali.

Sauran waɗanda ya kamata a sa wa ido tun da wuri su ne wadda al'ada ta ɗauke wa kafin shekara 45, wadda aka cire wa gidan ƙwai a tiyata, wadda mahaifiyarta ko mahaifinta ya taɓa karyewa a kwatangwalo, mai ciwon sukari, mai shan maganin farfaɗiya, da mai shan wasu magungunan kansar mama.

A matsayina na ungozoma ana yawan tambayata ko yawan haihuwa da shayarwa ne suke cinye ƙashi. Mai shayarwa tana zuba miligiram 200 zuwa 300 a nononta kullum, kuma ƙashinta yana ɗan raguwa a lokacin. Amma bayan yaye, cikin wata shida zuwa shekara, yawanci yana komawa. Shayarwa ba abin gudu ba ce. Abin da muke nema shi ne tazara tsakanin haihuwa da abinci mai kyau, don jiki ya samu sararin mayar da abin da ya bayar.

Ƙwayar kalsiyam fa?

Tana da wurinta, amma ba ga kowa ba. A wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2006, an bi mata fiye da 36,000 da al'ada ta ɗauke wa har kimanin shekara bakwai, rabi suna shan miligiram 1,000 na kalsiyam da bitamin D kullum. Ƙashin kwatangwalonsu ya ɗan ƙara nauyi, amma in an haɗa su duka karayar ba ta ragu yadda aka sa rai ba, kuma tsakuwar ƙoda ta ƙaru da kashi 17 cikin 100. Sai dai yawancin matan can dama suna samun kalsiyam mai yawa daga abinci, ba kamar namu ba. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne a fara da abinci, ƙwaya ta cike giɓin da ya rage, kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi yawanta. Jimillar abinci da ƙwaya kada ta wuce 2,000 a rana.

Wadda aka rubuta wa ta kiyaye waɗannan. Kada ta sha fiye da miligiram 500 a lokaci ɗaya. Irin da ya fi yawa a kasuwa, kalsiyam kabonet, tare da abinci ake shan sa. Yana iya sa taurin bayan gida, sai a yawaita ruwa da ganye. Kalsiyam yana riƙe wasu magunguna a hanji ya hana su aiki: maganin ƙarin jini, sifurofulozasin, tetirasaikilin, maganin maƙoƙo na tairozin, da dolutegirabiya da masu ɗauke da ƙwayar HIV suke sha. A tambayi mai ba da magani tazarar awannin da za a bari tsakaninsu. Mai ciwon ƙoda, ko wadda ta taɓa yin tsakuwa, kada ta sha sai da izinin likita.

Idan kuwa zaizayar ta riga ta tabbata, kalsiyam shi kaɗai ba zai wadatar ba. Akwai magungunan da suke rage rushewar ƙashi, kamar alendironet da ake sha sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da kofin ruwa cike, mace ta zauna a miƙe ko ta tsaya na rabin awa ba ta kwanta ba. Akwai na ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara. Wasu matan akan mayar musu da istirojin, bayan likitan mata ya auna amfani da haɗari.

Yaushe za a zo asibiti?

Na'urar da take auna nauyin ƙashi ana kiran ta deza. Ba ta da zafi, 'yan mintoci ne a kwance. Tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa sakamakon da ya kai 2.5 ƙasa da sifili, ko ya fi haka ƙasa, shi ne zaizayar ƙashi. Ana son duk macen da ta kai 65 ta yi, da wadda ba ta kai ba amma tana cikin rukunin da muka ambata. Na'urar ba ta da yawa a ƙasar nan, hoton ƙashi na yau da kullum kuma ba ya nuna raunin sai an rasa wajen kashi 30 cikin 100. To amma rashin na'ura ba ya hana magani. Macen da ta haura 50 ta karye a kwatangwalo ko ƙashin baya daga faɗuwar da ba ta wuce tsayinta ba, likita zai iya fara mata magani a kan wannan kaɗai. Karayar wuyan hannu ma dalili ce ta a bincika, domin wadda ta karye sau ɗaya ta fi kusa da ta biyu.

Tunda faɗuwa ce take kai ga karaya, a duba gida. A kankare gansakuka a makewayi da bakin rijiya, a sa fitila ko tocila kusa da shimfiɗa saboda fitar asuba, a canza silifas ɗin da ƙasansa ya suɗe, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe a hanya. A kai ta a duba ido, yanar ido tana kayar da tsofaffi da yawa kuma aikinta ba wuya. Mai shan maganin hawan jini ko na barci da take jin jiri idan ta miƙe ta faɗa wa likita. Sanda ba abin kunya ba ce.

Tsohuwar da ta faɗi ta kasa taka ƙafa, musamman in ƙafar ta gajarta ta juya waje, a ɗauke ta a kwance a kawo ta ranar, kada a ja ƙafar, kada a jira a ga abin da gashi zai yi. Wannan karaya tana cikin gaɓa ne, inda karan ɗori ba ya kaiwa, kuma aikin da aka yi cikin kwana ɗaya ko biyu ya fi ba da damar ta sake tafiya. Haka nan ciwon baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya bayan tari ko ɗaga kaya.

Sannan duk macen da ta ga jini bayan al'ada ta ɗauke mata shekara guda, ko ɗigo ne, ta zo sashen mata ba tare da jinkiri ba. Wannan bai shafi ƙashi ba, amma ba zan bari ya wuce ban faɗa ba.

Idan za ku zo, ku haɗo duk magungunan da take sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya da man da take shafawa, da tsofaffin hotunan ƙashi in akwai.